Gaban goshina ya cinye, ankon biki kuma yadi huɗu ne

Maman Ilham: Assalamu alaikum matan zauren nan. Don Allah shawara nake nema a kan abu biyu da suka tsaya min a rai. Bikin ƙanwata saura mako bakwai, an fitar da anko na matiriyal, kowacce yadi huɗu aka yankar mata. Ni kuwa tun da na haifi 'yata ta uku, wata biyar ke nan, jikina ya buɗe sosai, musamman ƙugu da damtse. Jiya na kai wa telana, ya ɗaga yadin ya dube ni ya ce sai dai a yi dabara. Na san dabarar. Da ƙaramar Sallah ya ɗinka min riga, hannun ya kama damtsena har ya kwanta min da shati, ɗankwali ma sai da babbar 'yata ta ɗaura min don na kasa ɗaga hannu. Na biyu kuma gashina. Gaban goshina ya cinye ta gefe da gefe, in na taje kai sai na cika tafin hannuna da gashi. Kuɗi ba su yalwata a hannuna ba, kun san yanayin da ake ciki. Abin da zan iya yi a gida nake so.

Ummu Sudais: Wa alaikumus salam. Allah Ya raya yarinya, Ya kai mu bikin lafiya. Maganar gashin nan ki kwantar da hankalinki, ni ma duk haihuwa sai na yi ta. A wata na huɗu nake farawa, har filo nake tsintar gashi. Kafin yaye ya dawo.

Sista Hadiza: Gaskiya Ummu Sudais ta faɗa, amma bari na raba miki abin gida biyu, don ba ciwo ɗaya ba ne. Lokacin da mace take da ciki, sinadaran jikinta suna riƙe gashin da ya kamata ya zube, shi ya sa masu ciki da yawa gashinsu yake cika. Bayan haihuwa da wata biyu zuwa huɗu sai duk wanda aka riƙe ya sauko lokaci guda. Ko mai cikakkiyar lafiya tana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, ke kuma yanzu naki ya ninka. Wannan yakan daidaita da kansa kafin yaro ya shekara. Amma cinyewar gaban goshi sau da yawa ja ne yake kawo ta, kitso mai tsauri da ɗauri mai matsewa. Ita ce nake jin tsoro, domin idan aka daɗe ana ja, tushen gashin yana mutuwa, wurin ya yi sumul, babu man da zai dawo da shi. Wane irin kitso kike yi? Sannan kina jin jiri ko kasala? In haka ne ki je a duba jininki, ƙarancin jini bayan haihuwa yana ƙara zubar gashi.

Maman Ilham: Sista, ƙananan kitso nake yi, shuku, don ya kai min wata guda saboda hidimar yara. Ranar da aka yi kuwa sai na sha maganin ciwon kai. Jirin ma ina ɗan ji in na miƙe da sauri. Maganin ƙarin jinin da aka ba ni a asibiti ban ƙarasa shi ba.

Sista Hadiza: To ki koma a gwada ki, kada ki saya da ka. Ki riƙa cin zogale, alayyahu, wake, hanta in ta samu, kuma ki raba shan shayi da lokacin cin abinci, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke cikin abincin.

Anti Talatu mai kitso: Shekarata ashirin da wani abu ina kitso, bari na faɗi laifinmu da naku. Mace za ta zauna a gabana ta ce, "Anti, ki kama shi sosai, kada ki bar ko sili." In na yi sassauƙa, gobe ta ce hannuna ba ya kama kitso, ta koma wajen wata. Ni kuma ina ganin fatar kan tana ɗagowa a ƙarƙashin yatsana. Duk kitson da ya hana ki sa goshi a ƙasa da daɗi in kin yi sujada, ko ya fito miki da fararen ƙuraje a gindinsa, ki tsefe shi a daren, ko nawa kika biya. Maman Ilham, daga yau ki manta da shuku, shi ne ya fi jan gaba da ƙeya. A yi miki manya guda shida ko takwas, zane zuwa baya, ko kalaba. Wannan siririn gashin na gaba a bar shi kawai, kada a cusa shi cikin kitso. Mako biyu ki tsefe. Kuma a riƙa canza inda ake tsaga, kada kullum tsagar ta bi layi ɗaya.

Ummu Sudais: Anti Talatu, har da hular da muke sawa a ƙarƙashin hijabi. Mai robar nan daidai inda gashina ya karye take zama. Da na koma mai santsi marar roba na ga bambanci.

Zainabu Abu: Ni dai shawarata ki je salun a sa miki man miƙar da gashi, rilaksa, kwana uku kafin biki. Zai kwanta luf, a ɗan jawo na tsakiya a rufe gaban. In bai rufe ba a ƙara miki gashin kanti kaɗan. Biki rana ɗaya ce, ki fito fes.

Sista Hadiza: Zainabu, don Allah a'a. Gashin da yake zuba, ga fatar da ta sha ja, ba a ɗora musu wannan man. Da yawansu sinadarin soda mai ƙuna ne a ciki, aikinsa ya karya ƙarfin silin gashi don ya miƙe. Mai lafiyayyen gashi ma ana so ta bar mako takwas zuwa sha biyu tsakanin shafawa da shafawa. Akwai kuma binciken da cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar a 2022, an bi mata sama da 33,000, aka ga masu yawan amfani da man miƙar da gashi sun fi kamuwa da sankarar mahaifa. Bai tabbatar da cewa man ne ya jawo ba, alaƙa aka gani, amma ya isa mace ta yi tunani.

Zainabu Abu: Sista, shekara goma ina sawa, ga gashina nan har kafaɗa. Ba kowa Allah Ya ba gashi mai laushi ba. Nawa in ban sa ba mataji karyewa yake, kuka nake in za a tsefe.

Malama Rukayya: Zainabu, maganar man miƙarwa na bar wa masu ilimin lafiya. Amma ƙarin gashi, hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai ƙara gashi da wadda ake ƙara wa. Ba don na kunyata ki na faɗa ba ƙanwata, don kada 'yar'uwarmu ta ɗauka ba ta sani ba ne.

Anti Talatu mai kitso: Ko ta fuskar sana'a ma, nauyin gashin kantin a kan wannan raunannen gashin zai rataya. Ƙarasa shi zai yi.

Ya Falmata: Zainabu, matsalar taurin nan karkashi ne maganinta, mu a Maiduguri da shi muka tashi. Busasshen ganyen za ki samu, ba garin da aka haɗa da kanwa don miya ba. Ki ɗebi cikin hannu ɗaya ki zuba a ruwan ɗumi, ki bar shi kamar minti goma sha biyar har ya yi yauƙi, ki tace da rariya ko tsohon ɗankwali. Ki raba gashin gida huɗu, ki zuba ruwan, ki fara warwarewa da yatsu daga baki zuwa tushe, ba daga tushe ba. Za ki ga yatsunki suna wucewa sulul. Ki ɗauraye, tun da sauran danshi ki murza man kaɗanya a tafin hannu har ya narke ki shafa. Mai ba ya jiƙa gashi, ruwa ne yake jiƙa shi, man rufe ruwan yake yi. Masu lafta mai a busasshen kai da hunturu, ƙura kawai suke tarawa. Maman Ilham, ke ma wannan za ki yi duk ranar tsifa.

Maman Ilham: Ya Falmata, karkashi kam akwai shi a ɗakin girkina, ban taɓa kawo shi a kai ba. To chebe fa, garin nan da ake shafa wa gashi? Wata maƙwabciyata tana sayarwa, ta ce in na shafa a goshin mako uku zai tsiro.

Ya Falmata: Kada ki sa shi a fatar kai. Matan Chadi da aka san su da shi, a jikin gashin suke shafawa, su kwaɓa da mai su kitse, ba sa kai shi tushe. Abin da yake yi shi ne hana gashi karyewa, sai tsawon ya taru. Ba ya tsirar da gashi inda babu. A fata kuwa toshewa yake, ya kawo ƙaiƙayi da amosani. Kuma gashi dududu santimita ɗaya da ɗan wani abu yake yi a wata. Duk mai ce miki mako uku, kuɗinki take so.

Hajiya Balaraba Maraɗi: Nan wajenmu ma haka kakanninmu suke yi, man shanu ko man kaɗe, kitso manya, shi ke nan. Abu guda zan ƙara: a bar kai ya bushe kafin a ɗaura kallabi. Mace ta yi wanka da asuba ta rufe jiƙaƙƙen kai har dare, wari da ƙaiƙayi za su biyo.

Malama Rukayya: Tunda Hajiya ta taɓo wanka, wasu suna tsefe kitso duk wankan janaba, yawan tsifar kuma yana karya gashi. Ummu Salama ta tambayi Annabi (SAW) a kan haka, ya ce ba sai ta warware ba, ta kamfaci ruwa sau uku ta zuba a kanta, yana cikin Muslim. Sharaɗin dai ruwa ya kai fatar kan. Manyan kitso sassauƙa sun fi sauƙin hakan.

Maryam mai ɗinki: Na ga an gama da gashi an bar ankon. Maman Ilham, kafin ki ce yadi huɗu ya yi kaɗan, ɗauko tef ki auna min faɗin yadin, ba tsawonsa ba. Sannan ki ba ni ƙirji, ƙugu ta inda ya fi cika, zagayen damtse, da tsawo daga kafaɗa zuwa ƙasa. Ki sa rigar maman da za ki sa ranar bikin kafin ki auna, kuma kada ki ja ciki.

Maman Ilham: Na auna Anti Maryam. Faɗin yadin inci 58. Ƙirji 46, ƙugu 51, damtse 17, tsawo 57.

Maryam mai ɗinki: Alhamdulillahi, ya ishe ki. Da atamfa ce mai faɗin inci 45 ko 46 da na ce a nemo ƙari, amma matiriyal mai faɗin 58 wani abu ne daban. Yadi huɗu inci 144 ke nan. Doguwar riga za a yi, gaba inci 60, baya inci 60, har da na kalmasa, ya zama 120. Saura 24, su ne hannu, ga kuma abin da zai faɗo daga gefe. Ɗankwali ki sayi wani daban wanda ya shiga da launin, kada a taɓa yadin. Abin da za ki gaya wa tela da bakinki: rigar ta zauna daidai a kafaɗa da ƙirji, daga ƙarƙashin ƙirji ta fara buɗewa a hankali har ƙasa. A ƙugu ya ƙara aƙalla inci huɗu a kan awonki. Hannu ya zama inci 20 a damtse, kuma ya zurfafa hammata, don yawancin hannun da ke kama mace ba faɗi ne ya gaza ba, ramin hammatar ne aka yanka ƙarami. Ya bar alawus, wato rarar yadi ta cikin ɗinki, inci ɗaya da rabi kowane gefe. Kina shayarwa, zif ɗin ya zama a gaba ko a ɓoye shi a ƙarƙashin ƙirji. Shafi kuma na auduga, ba mai santsin nan da ke manne wa jiki in an yi gumi ba.

Maman Ilham: Wallahi har na ji hawaye. Tun jiya nake tunanin ko na ce wa ƙanwata ba zan yi ankon ba. To me ya sa shi ya ce ba zai isa ba?

Maryam mai ɗinki: Wataƙila riga da siket mai fala-falai yake nufi, wannan kam yana cin yadi. Wasu telolin kuma awo uku kawai suke ɗauka, sauran su ƙiyasta da ido, musamman namiji da yake jin nauyin auna mace, ke ma kina jin nauyinsa. Sai ya ɗauki tsarin siririya ya faɗaɗa ko'ina daidai wa daida, kafaɗa ta zube, damtse ya matse. Mai jiki ba siririya ce da aka hura ba, kowacce da inda nata ya taru. In za ki koma wajensa, wata ta auna ki a gida ki kai masa a rubuce. Kuma ki ce za ki zo gwaji kafin ya rufe ɗinkin.

Hajiya Umma: Ni duk wannan lissafin ban ga amfaninsa ba. Mace mai jiki ta yi bubu ta huta, ta zaɓi launi mai duhu. Sutura ake nema. Yanzu sai ka ga uwar 'ya'ya ta matse kamar an ɗaure buhu, wai gayu.

Ummu Sudais: Hajiya, da girmanki, amma ba matsewa Anti Maryam ta ce ba, inci huɗu fa ta ce a ƙara. Ni shekara shida ina yawo cikin baƙi da ruwan ƙasa, duk don an ce suna rage mutum. Ban ragu ba, sai dai na riƙa ɓuya a bayan mutane in za a ɗauki hoto. Ranar da na sa atamfa mai ruwan ƙwai da kore, mahaifiyata ce ta fara cewa na yi kyau. Bubu ina sonsa, amma wanda aka yanka da hankali, wuyansa ya zauna, ba wanda aka huda tsakiya aka zura min ba.

Hajiya Umma: To ai ban hana launi ba 'yata. Abin da nake gudu a ga surar mace a titi. In da mayafi wadatacce a kai, ba ni da ta cewa.

Maryam mai ɗinki: Hajiya, nan mun haɗu. Rigar da ta yi daidai ta fi matsattsiya sutura, don ba ta tattarewa ta hau ƙugu in an zauna. Bubu ma in yadin mai taushi ne mai zubowa ya fi kyau a mai jiki, shadda mai sitaci kuwa tsayawa take ta ƙara faɗi.

Maman Nana: Ni fa ina ganin a tari abin daga tushe. Ina da shayin rage ƙiba, cikin mako bakwai za ki ga canji, ki yi min magana ta gefe.

Sista Hadiza: Maman Nana, mai shayarwa ce, jaririyarta wata biyar, ga alamar ƙarancin jini. Yawancin irin wannan shayin filasko ne ko makamancinsa, gudawa yake sawa, ruwan jiki ne yake fita ba kitse ba. Saurin ramewa kuma shi kansa yana zubar da gashi. A ɗaya gefen muna karɓar 'yan mata da suka sha "sha ka fashe" don su yi irin jikin da ita take kuka da shi, fuska ta kumbura, hawan jini da sukari su biyo baya. Ba ta tambaye mu yadda za ta rame ba, rigar da za ta shige ta ta tambaya.

Shugabar zaure: Maman Nana, dokarmu tana nan, ba a tallan magani a nan. A ci gaba.

Bilkisu 'yar Kaduna: Bari na shigo da maganar kayan yau da kullum, don bayan biki ma sai an sa kaya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 atamfar Holland ta fi ƙarfina, kuma ban ga abin kunya ba. Ƙananan atamfofi akwai masu kyau, matsalar ita ce masu roba a ciki, su ne ke dafa mai jiki da bazara. In kin shiga Kwari ko babbar kasuwarmu ta Kaduna, ki murza bakin zanen a hannu, mai auduga ba ya ƙara kamar leda. A gida ki zare zare ɗaya ki kusanta shi da ashana: auduga toka take zama, mai roba narkewa yake ya dunƙule. Mahaifina a masaƙar Kakuri ya yi aiki kafin a rufe su, shi ya koya min wannan. Sannan falle uku na atamfa, in ba ki yi zani ba, yana ba ni doguwar riga da ɗankwali har da ragowar da zan yi wa yarinya siket.

Ummu Sudais: Gwanjo kuma fa, kada a raina. A Ƙofar Wambai nake samun dogayen riguna na zaman gida da siket masu faɗi. Sirrin ki saba da mai shago ɗaya, ya gaya miki ranar da zai fasa dila, don manyan kaya su ake fara kwashewa. Ki tafi da tef a jaka, kada ki yarda da lambar da ke wuyan riga, ta kowace ƙasa daban take. A wanke da ruwan zafi a shanya a rana kafin a sa.

Bilkisu 'yar Kaduna: Mu kuma Kasuwar Barci. Abaya ma a kula: lambar 54, 56, 58 da ake rubutawa tsawo ne, ba faɗi ba. Na taɓa yin oda ta waya na ce a ba ni 60 don ina da jiki, ta zo tana jan ƙasa, ƙirjin kuma ya ƙi rufuwa. Ki tambayi faɗin ƙirji da na hannu daban.

Hajiya Balaraba Maraɗi: Wani abu da ba a faɗa don kunya, gogar cinya lokacin zafi. Ranar biki ana ta kai da kawo, yamma na yi sai tafiya ta gagara. Ki sa gajeren wando na auduga mai kaiwa gwiwa a ciki, ki ɗan shafa man kaɗe. Tela zai iya yi miki da ragowar yadi.

Zainabu Abu: Na karanta duka. Man miƙarwar dai ban ce na bari ba, amma zan gwada karkashin nan ranar Asabar na gani. Ya Falmata, yana fitar da datti ko sai na haɗa da sabulu?

Ya Falmata: Yana fitarwa, amma in kin daɗe kina shafa mai ki fara da sabulun salo kaɗan a fatar kan, ki ɗauraye, sannan karkashin ya biyo.

Maman Ilham: 'Yan'uwa na dawo da labari bayan mako uku. Na je asibiti, jinin ya yi ƙasa, an ɗora ni a kan magani. Kitso guda shida nake yi yanzu, ciwon kan nan ya tafi. Gashin bai daina zuba ba amma ya ragu, goshin kuma har yanzu yana nan yadda yake, sai ɗan gashi laushi-laushi da nake ji in na shafa gefen dama. Rigar kuwa na kai wa wata mata a unguwarmu da takardar Anti Maryam a hannuna. Jiya na je gwaji, na ɗaga hannuwana biyu sama har na ɗaura ɗankwali da kaina. Sai dai wuyan ya ɗan buɗe ta baya, yana tashi in na sunkuya. Na ce ta dakata kada ta rufe sai na tambaya.

Maryam mai ɗinki: Madalla. Ki ce ta kama rabin inci kowane gefe a bayan wuyan, ta gangaro da kamun kamar inci uku. Kada ta taɓa kafaɗar. In ta gama ki sake gwadawa a zaune, ki ɗauki jaririyarki a cinya ki buɗe zif ɗin ki gani ko hannu ɗaya ya isa.

Anti Talatu mai kitso: Kitson bikin kuma ki yi shi kwana biyu kafin ranar, ba a ranar ba. Ɗaurin ɗankwalin ki sauko da shi ya zauna a kan goshi, ƙasa da inda sabon gashin yake fitowa, ki ɗaure shi a ƙeya sassauƙa.